Zumuncin takarda tsakanin Inna da malamata

Ni 'yar fari ce a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kama sunana, ba ta yabona a gaban mutane, hirar kirki ma ba ta haɗa mu. A sashen kakata ta wajen uba na girma, ita ke mini kitso, ita nake kai wa kuka. Ƙauyenmu yana tsakanin Ringim da Taura, ba nisa da kogin Haɗeja. Lokacin da aka haife ni duk yankin nan jihar Kano ne, sai a 1991 aka yanke Jigawa ina ƙaramar sakandare. Daga nan na wuce makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Taura, daga can kuma Allah ya kai ni Samaru, Zariya, karatun aikin gona.

Sana'ar Inna ƙosai da safe, alala da yamma. Jarinta kaf wake ne. Da kaka, lokacin da ake roro wake ya yi araha, takan aiki Baba kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya auno mata iya ƙarfinta, ta haɗa da na gonar gida ta adana, ta yi ta ɗiba har damina lokacin da mudu ke neman fin ƙarfin talaka. Ribarta duk a tsakanin farashin kaka da na damina take, kuma babban abokin gabarta shi ne ƙwaron wake. Shekarar da ya yi mata ɓarna, mu ma mukan ji a jikinmu, domin daga kaskon ƙosan nan kuɗin sabuluna da na mota suke fitowa.

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba jahila ba ce. Mahaifinta malamin allo ne, a gabansa ta yi karatu tare da almajiransa, kuma tana rubuta ajami da hannu mai kyau. Duk bashin da ake bin ta da wanda take bi a rubuce yake a cikin wani tsohon littafi da take ajiyewa a ƙarƙashin jeren kwanukanta.

Malamar da nake magana a kanta kowa Dakta yake ce mata. Bahaushiya ce Kirista, 'yar Wusasa, daga cikin gidajen da suka zauna can tun bayan da mishan ya koma wurin daga birnin Zariya a 1929. Ilimin ƙwari ta karanta, har Ingila ta je ta yi digirin digirgir, kuma a shekarata ta uku ita ke koyar da mu ƙwarin da ke ɓata amfanin gona bayan an kai shi rumbu. Mace ce mai tsare gida, ba ta wasa da lokaci, ɗalibai suna shakkarta. Dab da hutu ta ba mu aiki: kowa ya je gida ya tambayi iyayensa yadda suke adana wake, ya rubuto.

Da na je na tambayi Inna, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da surfenta. Zama da ni ta yi mini dogon bayani abu ne da kunya ba za ta bar ta ba. Da dare sai ta aiko ƙanina ya karɓi takarda a wurina. Washegari ta miƙo mini shafi biyu cike da ajami, a ninke, ta ce, “Kai wa malamar taku.” Na juya shi zuwa boko na miƙa aikina kamar kowa, amma na faɗa a ƙasa cewa mahaifiyata ce ta rubuta da hannunta. Dakta ta kira ni ofis ta ce in kawo mata ainihin takardar. Ba ta iya karanta ajami ba, don haka ta kira wani dattijon masinja da ke aiki a sashen, ya sa tabarau ya karanta mata tun daga “Takarda ta fito daga hannun” har zuwa “haza wassalam”.

A cikin takardar Inna ta lissafa dabarunta. Toka ta murhu, a tankaɗe ta, a cuɗa da wake. Rairayi mai laushi idan toka ta yi ƙaranci. Busasshen barkono a tsakani. Tulu ko randa, a rufe baki da faifai ko ɓallin tukunya a shafe da laka. Waken iri kuma a bar shi cikin ƙwansonsa a rataye inda hayaƙi ke kaiwa. Sai ta rufe da tambaya, wadda ita ce ta ja hankalin Dakta. Ta ce takan wanke tulu, ta shanya shi a rana, ta zuba wake mai kyau ba huji ko ɗaya, ta liƙe, amma in ta buɗe sai ta tarar da ƙwari a ciki. Tsofaffi sun ce waken ne da kansa yake haifar su. Ita dai ta lura waken da ke da wani farin ɗigo a bayansa shi ne yake fara hujewa. To ta ina suke shiga?

Dakta ta ba da amsa da boko, shafi uku, ta ba ni na kai. Ƙanina ne ya karanta wa Inna, kuma hakan bai yi mata daɗi ba. Ta ce maganar manya ba ta kamata ta riƙa bi ta bakin yara ba. Da wannan ya koma kunnen Dakta, sai ta roƙi dattijon nan ya riƙa zama da ita bayan an tashi aiki yana koya mata baƙi da wasali. Mace mai digiri uku, shugabar ɗakin gwaji, ta zauna gaban masinjanta tana bitar alu ambaki. Kafin shekara ta zagayo ta aika wa Inna wasiƙarta ta farko da ajami, layukan suna hawa suna gangara. Inna ta gyara mata kurakuran da jar tawada, musamman ɗigon imala da take yawan mantawa, ta mayar mata tare da amsa. Tun daga ranar babu wanda ya sake shiga tsakaninsu. Ni ɗan aike kawai na zama, daga tashar 'Yankaba zuwa Unguwa Uku zuwa Kwangila, da ambulan a cikin jaka. In ba na nan, direbobi ke kaiwa.

Amsar tambayar nan ta farko na san ta domin a fili aka karanta ta. Dakta ta ce wa Inna idonta bai yi ƙarya ba, farin ɗigon nan ƙwai ne. Macen ƙwaron tun a gona take fara aikinta, tana liƙa ƙwanta a jikin ƙwanso da ƙwayar wake kafin a yi roro, don haka da shi ake shigowa gida. Ƙwan yana sabo garai-garai yake, da ƙyar ake ganinsa. Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe ba ta fitowa waje, ta ƙasan ƙwan take huda waken ta shige, garin da ta tono ya cika ɓawon ƙwan, shi ya sa yake komawa fari. Ke nan duk ɗigon da ya yi fari, mai shi ya riga ya shiga. A ciki za ta ci ta girma, cikin mako uku zuwa huɗu in ana zafi ta zama ƙwaro, ta ɓalle ƙofa zagayayyiya ta fito. Babban ƙwaron bai fi mako ɗaya ko biyu a duniya ba, bai ma damu da ci ba, aikinsa barbara da ƙwai, kuma mace guda takan saka gommai, wani lokaci har kusan ɗari. A cikin ambulan ɗin Dakta ta saka ɗan madubin ƙara girma irin wanda muke amfani da shi a ɗakin gwaji.

Madubin nan ya zaga gidajen unguwarmu. Mata suka riƙa shigowa da 'yan ƙwayoyin wakensu a gefen zane don su ga ƙwan da idonsu. Kakata ce kawai ta ƙi dubawa, ta ce ita ta riga ta san abin da ta sani.

Inna ba ta tsaya nan ba. Da kakar shekarar ta samo ƙananan tuluna ta raba wake iri ɗaya a cikinsu: wani da toka, wani da rairayi, wani da barkono, wasu biyu kuma babu komai sai liƙi. Cikin biyun nan ɗaya ta cika shi taf har wuya, ɗayan wake ya ƙare mata a rabi, ta liƙe shi haka. Babu wanda ya ce ta yi, kuma ba ta san a jami'a ma haka ake jera gwaji ba. Da bazara ta fasa liƙin ta ƙirga hujajju a cikin kowane cikon hannu, ta rubuta. Na toka ya yi kyau. Na rairayi ya biyo baya. Na barkono ya sha huji. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne tulunan nan biyu: cikakken ya fito da ɗan huji kaɗan da matattun ƙwari, mai rabi kuwa ya zama gari da wari. Laka ɗaya, rana ɗaya, ɗaki ɗaya. Ta rubuta wa Dakta tana tambayar dalili.

Dakta ta karanta mana wannan wasiƙa a aji, ba ta faɗi ko ta uwar wa ce ba. Ina zaune a layi na biyu, zuciyata tana bugawa. Ta tambaye mu dalilin, aka yi shiru na ɗan lokaci kafin wani ya ce iska. Ta ce haka ne. Tsutsar da ke cikin wake tana numfashi, tana cinye iskar oksijin. A tulun da aka cika, iskar da ta rage tsakanin ƙwayoyi kaɗan ce, nan da nan take ƙarewa, tsutsa ta daina ci ta bushe ta mutu. A mai rabi kuwa an bar musu abin da zai ishe su su hayayyafa. Ta ce tulun ƙasa yana ɗan shan iska ta jikinsa, shi ya sa ba a tsira gaba ɗaya ba, amma wadda ta yi gwajin ta gano ƙa'idar da masana suke rubuta takardu a kanta. Sannan ta ce mana duk wanda zai fita daga ajinta yana raina matan karkara, ya ɓata shekarunsa.

A amsarta ga Inna ta ƙara mata abin da bincike ya tabbatar game da toka: mudu ɗaya na toka ga mudu ɗaya na wake, a danna sosai, a rufe sama da toka mai kaurin kusan santimita 3. Toka ba ta kashe tsutsar da ke ciki, amma tana toshe hanyoyi, wanda ya fito ba ya samun motsi balle ya kai ga mace. Ta kuma koya mata shanya ta musamman: busasshiyar ciyawa a ƙasa, baƙar leda a kai, a baza wake, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a naɗe gefuna, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa guda yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. Kan barkono kuwa suka saɓa. Dakta ta ce gwajin Inna da kansa ya nuna ba ya wani aiki. Inna ta ce barkonon shekarar ne ba shi da yaji. Har yau tana jefa shi.

Akwai wasiƙa ɗaya da Dakta ta rubuta da zafi. Wani gida a ƙauyenmu sun ci waken da aka sayo a kasuwa, yara suka kwana suna amai da gudawa, da ƙyar aka ceto ƙaramin. Inna ta ba ta labari, ta kuma ambata cewa ana ba ta shawarar ta riƙa yayyafa fiya-fiya ko gamalin, ko ta jefa ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom. Dakta ta ce kada ta kuskura. Ƙwayar hayaƙi mai guba take fitarwa, ba a ajiye buhunta a ɗakin da mutane ke kwana, sauran kuwa ba a yi su don a zuba a abinci ba, kuma wanki ba ya fitar da su duka. Ta ce wanda ya sayi ƙosanki ya ba ki amanar cikinsa. Inna ta tara matan unguwa a tsakar gidanmu ta karanta musu. Shekaru da yawa bayan haka, a 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, na ji labarin a rediyo ina gida. Inna ta ce Turawa sun kare nasu, mu da muke ci kullum wa zai kare mu.

A hankali wasiƙun suka wuce maganar wake. Ban karanta su a lokacin ba, kuma Dakta ba ta taɓa ba ni ba. Amma nakan ga alama. Da sallah ƙarama turmin atamfa yakan zo daga Zariya, da Kirsimeti kuma nakan ɗauki daddawa da kuka da man shanu in kai. Inna ta fara ce mata Yaya, domin ta girme ta da 'yan shekaru, ita kuma tana rubuta “ƙanwata” a kan ambulan. Baba ya san da komai tun farko, shi ne ma yake sayo takarda da ambulan in ya je Ringim. Wasu dangi sun yi ƙorafi, me ya haɗa matar aure da wata Kirista da ba a san asalinta ba. Baba ya ce ya san asalinta, ita ce ke riƙe masa 'ya a inda shi ba ya gani.

A watan Fabrairu na 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawa, Musulmi da Kirista. Zariya ta cika da fargaba, iyaye suna ta aikowa a kwashe 'ya'yansu. Dakta ta ɗauke ni da wasu 'yan mata biyu ta ajiye mu a gidanta har hanya ta yi kyau, ta ware mana buta da wurin salla. Da na isa gida, kafin in ajiye jaka Inna ta aiko a tambaye ni ko Yaya lafiya, ko tana da 'yan uwa a Kaduna. Tana da su, kuma an ƙone gidan ƙaninta. Daren nan fitilar ɗakin Inna ta daɗe ba ta mutu ba. Da safe ta ba Baba wasiƙa da kuɗin adashin da ta ɗauka a watan, wanda ta yi niyyar sayen akuya da shi, ta ce a ba direba. Dakta ta gaya mini daga baya cewa ta so ta mayar da kuɗin, sai ta ga mayarwar za ta zama cin fuska, don haka ta kai wa matar ƙanin nata ta faɗa mata daga inda suka fito.

Tun farkon zumuncin Inna ta taɓa ƙulla ɗan waken iri a tsumma ta saka cikin saƙo. Wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi da ta gada wurin kakarta, mai yaɗo, mai jinkirin nuna irin su kanannado, yana ba da harawa mai yawa, kuma ƙosansa yana tashi. Ba ta haɗa shi da ɗan ila ko wani iri, daban take ajiye shi. Ta aika ne a matsayin tsaraba, ta ce a dafa a ji. Dakta ba ta dafa ba, ta shuka a bayan gidanta, kowace shekara tana sabunta shi, ba ta kuma faɗa ba.

A ƙarshen Agustan 2001 ambaliya ta zo. Kogi ya cika ya tumbatsa, garuruwa da dama a Kano da Jigawa suka nutse, namu yana ciki. Da dare ruwan ya shigo. Aka tsira da rai da awaki da abin da hannu ya iya ɗauka, mutane suka koma makarantar firamare da ke kan tudu. Ɗakunan ƙasa suka zube, rumbunan Baba suka narke, tulunan Inna suka bi ruwa, gona kuma ta kwana a ƙarƙashinsa har abin da ke cikinta ya ruɓe. Irin da ke gona ya tafi, ragowar da ke rataye a madafa ma ya tafi. Cikin abin da Inna ta fita da shi a kanta akwai Alƙur'aninta da ledar wasiƙu. Da ta samu natsuwa ta rubuta wa Dakta, ta lissafa asarar ba tare da kuka ba, sai a kan waken kakarta ta ce wannan kam ya yanke daga hannunta, ita ce ta ƙarshe.

Na dawo hutu da buhun masara da barguna daga Dakta, da wata kwalba cike taf da farin wake, an liƙe murfinta da kakin kyandir. Na ajiye a gaban Inna. Ta buɗe ta zuba a tafin hannu, ta juya ƙwayoyin da yatsa, ta gane shi. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma ba ta kore ni daga ɗakin ba. Da damina ta kewayo aka shuka shi, kuma yanzu gidaje da yawa a ƙauyenmu suna da shi, domin tun daga lokacin Inna ta daina riƙe shi ita kaɗai. A Ibadan cibiyar binciken aikin gona ta IITA tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000 a ɗakunan sanyi saboda irin wannan rana. Namu a bayan gidan Dakta ya tsira.

A shekarata ta ƙarshe abubuwa suka yi mini yawa. Gida babu, kuɗi babu, aikin bincikena ya tsaya, ga masu cewa shekaruna sun ja in dawo in yi aure. Na je na gaya wa Dakta ina so in ajiye karatun. Ta yi shiru, sannan ta buɗe aljihun tebur ta zaro takarda ɗaya. Ta ce wasiƙun nan amanar ƙanwarta ce, ba za ta ba ni in karanta ba, amma za ta karanta mini layi biyu kuma za ta nemi gafarar mai su. Inna ta rubuta: “'Yarki ita ce hasken idona. Bakina ba zai iya faɗa mata ba, ke ki riƙe mini ita, kada ki bari ta dawo sai da abin da ta je nema.” Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin, kuma ban taɓa jin kalma irin wannan daga wajenta ba. A duk wasiƙun haka take kirana, 'yarki. Na koma ɗakin gwaji na ƙarasa aikina.

Ba su ga juna ba sai a bikina. Na ɗauka za su rungume juna su yi ta zuba, sai kunya ta kama su duka biyu. Suka gaisa a tsugune, gaisuwa mai tsawo, suka yi shiru. Can Inna ta ce, “Yaya, zo ki ga tulunan.” Suka shige ɗakin ajiya suka bar 'yan biki, aka yi ta neman uwar amarya. A ɗakin Inna Dakta ta kwana. Da asuba Inna tana salla, ita kuma tana gefen gado tana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da tocila.

Da wayar hannu ta iso ƙauyenmu na saya wa Inna, na saka mata lambar Dakta. Sukan gaisa, amma ba su daina rubutu ba. Inna ta ce a waya mutum yana magana kafin ya yi tunani, kuma in an kashe babu abin da za a sake dubawa.

Ni na zama malamar gona. Wajen 2008 aka fara yaɗa buhun PICS a ƙauyuka, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban, babu magani ko kaɗan. Ina cikin waɗanda suka riƙa nuna shi a dandali, a ɗaure a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a buɗe a gabansu. Da na kai wa Inna ta duba, ta hura ledar ta matse don ta ji ko tana fitar da iska, ta ce wannan ai cikakken tulunta ne aka yi wa riga, sai dai ya fi shi domin leda ba ta numfashi. Ta ce a ɗora shi kan itace nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a zuba waken da bai bushe ba. Duk wannan yana cikin takardar horon da aka ba mu, ita ba ta gani ba. A ƙauyenmu ban sha wahalar shawo kan kowa ba, matan sun daɗe da sanin maganar iska.

A aikin nan na ga masu bincike da yawa suna zuwa ƙauye da takardun tambayoyi. Su tara mutane a gindin bishiya, su cike gurabe, su shiga mota, ba a sake jin ɗuriyarsu. Manomi bai taɓa sanin me aka yi da amsarsa ba. Wannan yana ci mini rai, domin na ga yadda abin yake in an yi shi da mutunci. Dakta ta amsa tambayar da aka yi mata, ta koyi rubutun mai tambayar, ta yarda a gyara mata da jar tawada, kuma in ta ga Inna ta yi kuskure takan faɗa mata kai tsaye kamar yadda za ta faɗa wa abokin aikinta.

Yanzu Dakta ta yi ritaya ta koma Wusasa, gwiwoyi sun hana ta tafiya mai nisa. Inna kuma yanar ido ta rage mata gani, an yi aiki a ɗaya. Rubutu tana yi da kanta, manya-manya, amma karatu sai an taya ta, kuma ni ta zaɓa. Ta haka na shiga cikin tsofaffin wasiƙun, domin takan ce in ɗauko ta shekara kaza in maimaita mata. Wasu wuraren takan ce in tsallake, in tsallake.

Maganar da suke kai yanzu ita ce sabon irin nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a 2019, wanda aka saka wa kariya daga tsutsar maruka mai cin fure da ƙwanso a gona. Inna ta ji ana ta gardama a kansa a rediyo, ta aika da tambayoyi uku: ko ana iya ajiye irinsa a sake shukawa, ko ƙwaron rumbu ma yana jin tsoronsa, da kuma ko zai gurɓata mata waken kakarta. Dakta ta ce ana ajiyewa, domin furen wake kansa yake yi wa barbara. Ƙwaron rumbu kuwa babu ruwansa, zai ci shi yadda yake cin kowane wake, don haka buhu da toka suna nan daram. Game da na uku ta ce haɗuwar iri a wake kaɗan ce, amma ƙudan zuma sukan ɗauki ɗan abin da suka ɗauka, saboda haka ta raba gonakin, kuma ta ɗebi irinta daga tsakiyar gona. Inna ta sa ƙanina ya ware kunya goma a gonar tudu don sabon, tsohon kuma yana can gefen fadama inda ya saba. Ta ce in an yi roro za ta soya ƙosan kowanne daban, ta auna man da kowanne ya sha, sannan ta rubuta wa Yaya.